Kwana Huɗu

Ba ki da suna tukuna,
amma kin san hanyar nono cikin duhu.
Kina kamawa, ɗaki ya juya da ni:
randa ta koma gabas, ƙofa ta karkace,
duwatsun Birni na birgima a bayan idona.
Warin kanwa a kunun Iya Falmata
ya taso mini da zuciya har maƙogwaro.

"Jini kika zubar, sha ko ludayi guda."
Ta turo tasa da ƙafa, ko amai zai zo.

Na jingina ƙeya da bango, ina ƙirga azara.
Bakwai. Tara. Bakwai.

Ke kuwa ko a jikinki,
kunne na motsi, kina haɗiya,
kin damƙe bakin zanena
kamar ke ce ke hana ni faɗuwa.