Masu Raɗa a Jijiyar Wuya

Ƙarfe huɗu na yamma a Kuopio, duhu ya riga kowa zuwa gida.
Tafki ya daskare, fari fat har gindin gada.
Daga ɗakin tiyata aka sauko da kwalba cikin ƙanƙara,
Sirkku ta karɓa da hannu biyu, kamar mai karɓar ƙwai.

Abin da ke ciki bai kai ɗan yatsa ba,
rawaya-rawaya, gefensa da tauri kamar alli.
Likita ne ya ɓare shi daga jijiyar wuyan Veikko Hyvönen,
wanda ya shekara talatin yana tuƙa jirgin fito,
ya ci man shanu, ya sha taba, ya sha dariya,
har ranar da cokali ya suɓuce masa a kan tebur,
ya laluba sunan matarsa a baki, bai samu ba.

Minti goma, sannan sunan ya dawo.
Jini ya yi gyaran murya ke nan.

Can ƙarƙashin muƙamuƙi, inda hanya ta rabu biyu,
jini yakan yi juyi kamar ruwa a bakin kwata,
nan kitse ke samun wurin zama,
ya shimfiɗa tabarma, ya ƙi tashi.
Wannan kowa ya sani. Ba shi Sirkku ke nema ba.

Tana neman masu raɗa.

A littafin da ke naɗe cikin kowace ƙwayar halitta,
shafukan gina jiki kaɗan ne.
Sauran, an daɗe ana yi musu kallon shara,
alhali daga nan wasu RNA ke fitowa,
ba su kwaɓa ƙasa, ba su ɗora tubali,
ba furotin ko ɗaya da za a ce nasu ne.
Wani gajere, haruffa ashirin da ’yan kai,
yakan tare ɗan aike a lungu ya toshe masa baki.
Wani dogo kamar igiyar guga.
Wani ya ciji wutsiyarsa ya zama zobe,
yana tsotse gajerun kamar soso.

Ɗaya ya ce wa tsokar bango: saƙa murfi, ki ƙara kauri.
Ɗaya ya ce wa mai sharar jini: ci kitse,
ci, ci, har cikinka ya fashe.
Wanda muryarsa ta rinjaya
shi zai yanke ko murfin ya riƙe,
ko ya tsage wata safiya ana tsakar shan shayi.

Mahaifinta, Reino, ba a ba shi minti goma ba.
Shekara shida a kujera, a bakin taga,
hannun dama kwance a cinya kamar na aro,
kalma ɗaya ta rage masa: gobe.
Za ka ci kifi? Gobe.
Ka gane ni, Baba? Gobe.
Ba ta taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

Ta niƙa ɗan yankin, ta tace, ta ɗiga,
na’ura ta shiga gurnani, tana zana tudu a kan allo.
Ga ɗaya nan ya yi yawa fiye da na jiya.
Mai laifi ne, ko shaida ne da ya tsaya kallo?
Ba ta sani ba tukuna.
Ta rubuta lamba, ta mayar da saura firiji,
sanyin ya cije ta ta cikin safar hannu.

A hawa na uku, Veikko ya farka,
wuya naɗe da bandeji, maƙogwaro a bushe.
Ya waiga ga matar da ke gyangyaɗi da hula a cinya.
Aune, ya ce.
Ya sake faɗa, don ya ji daɗinsa a baki,
sannan ya tambaya ko an bar masa kofi.