Wutar da Ke Wuyan Merluza

Tana shekara sha huɗu ta koma yarinya.
Haka na shaida wa Don Eliodoro mai gyaran takalma,
muna hawan matakalar tudun Barón, kowa yana haki.
Na ce, tsohuwar magen Herminia ta yi sabon rai:
jiya ta tsallake katangar kwano,
ta sace kifi a tagar maƙwabta,
ta dawo tana neman ƙari.
Ci kamar gara!
Ya ce, to ina naman yake tafiya?

Ban ba shi amsa ba.
Da dare na shafa bayanta,
sai na ji ina ƙirga ƙashi ɗaya-ɗaya
kamar mai taɓa haƙoran mataji.
Ƙarfe uku na dare ta tsaya a tsakar ɗaki tana kuka,
kukan da ya rufe na jiragen ruwan Valparaíso.
Na ɗauka uwar ɗakinta take kira.
Ni ma a wannan lokacin nake kiranta, amma a zuci.

Likita Ximena ta ɗora ta a sikeli:
kilo biyu da ɗan ɗoriya.
Bara huɗu ce cif.
Ta ɗaga mata haɓa, ta zura babban yatsa a hankali
ta gangara bisa maƙogwaro,
ta ce, kawo hannunka, Don Baltasar.
Ga shi nan, ɗan ƙullutu, bai kai ƙwayar wake ba,
yana zillewa a ƙarƙashin fata.
Maƙoƙo ne, in ji ta, irin na kyanwa.
Shi ke hura mata wuta dare da rana,
abin da ta ci, kafin ya zama jiki ya zama toka.
Ta sa mini abin sauraro a kunne.
Na ji zuciya tana gudu ba mai korarta.

Ashe wata shida ga wuyan biri a fili,
ni kuwa ina ta ɗaurin ƙugu,
ina jidar ƙananan kifi daga Caleta Portales,
ina yi wa cuta kirari a gaban mutane.

Ƙwaya safe, ƙwaya yamma.
Na ɓoye a cikin kifi, ta cinye kifi ta bar mini ƙwaya
a tsakiyar faranti, fes, kamar canjin kuɗi.
Na naɗe ta da tawul, ta zana mini taswira a hannu.
Ƙarshe aka ba ni na shafawa:
in sa safar roba, in goga a cikin kunne,
yau dama, gobe hagu.
Na rubuta a kalandar da Herminia ta bari a bango,
wadda ban canja ba tun shekarar.
Ranakun ba su dace ba. Ba komai.

Sati biyar, aka sake ɗibar jini.
Wuta ta lafa, in ji likita,
sai dai da hayaƙi ya washe mun hango ƙoda,
ita ma ta daɗe da gajiya, gudun jini ne ya rufa mata asiri.
Za mu rage magani kaɗan, mu riƙa dubawa.
Ka ajiye mata ruwa ko'ina.

Yanzu kofi shida ne a gidana, har kan taga.
Merluza ba ta tsallake katanga.
Tana barci a kan kujerar da ba na zama,
ta ƙara giram ɗari uku,
shekarunta sun dawo mata duka.

Eliodoro ya tambaye ni, ina yarinyar taka?
Na ce ta warke, ta tsufa.

Amma ƙarfe uku ina farkawa har yau.
Gidan tsit.
In miƙa hannu cikin duhu, in nemi haƙarƙarinta,
in ƙirga.