Shanun Cikin Dutse

Na fita da su ne don uwarsu ta samu ta runtsa.
Su uku: Barira, Tsalha, da auta Kande
wadda ta ƙi takalmi tun daga bakin kasuwa.
Muka ba Birnin Kudu baya,
muka ratsa gonar geron da ya fi ni tsawo,
raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando.

Baba Nomau na zaune a gindin kanya
yana gyaran ƙotar fartanya.
Ya ce, "Ku sunkuya, dutsen nan bai san babba ba."
Muka shiga a duƙe.

Duhu ya jima kafin ya sakar mana ido.
Sai ga su a jikin rufin kogo,
shanu jajaye kamar ƙasar gini,
ƙaho zaƙo-zaƙo, baya babu tozo.
Tsalha ya ce, "Wa ya sace musu tozo?"
Barira ta ƙirga, ta samu bakwai,
ta sake ƙirgawa, ta samu tara,
ta ce biyun sun fito ne da suka ji muryarmu.

Ni kuwa ina tsaye da tsoron da na gada.
Kakata takan tofar da yawu in an ambaci nan,
ta ce wurin yankan mutanen da ne,
tun kiran salla bai iso ƙasar ba.
Shekara arba'in ina kewaye shi
ko da hanyar ta fi nisa.

Kande ta ce, "Baba, masallacin waye?"
Na buɗe baki, na rufe.
Tsohon ya ce, "Masu roƙon ruwa ne, jikata.
Su ma gero suka shuka,
su ma 'ya'yansu kan yi zazzaɓi."

Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falale,
sai ya amsa kamar ƙarfen maƙera.
Yara suka yi caa.
Inda ake bugun ya lotsa, ya yi sulɓi,
gurbin hannuwan da babu mai sanin sunansu.
Kande ta sa dunƙulenta ciki,
ya zauna daidai.

Da azahar ta yi, muka yi salla a inuwar kanya,
Tsalha na waiwayen kogo a raka'a ta biyu.
Za mu tafi na hangi ciyawa ɗanya,
'yar damƙa, an ajiye ƙarƙashin shanun.
Gabana ya faɗi, na miƙa hannu zan kwashe.
Kande ta riƙe mini riga:
"Ba su da makiyayi fa."
Na bar ta.

Da magariba uwarsu na faɗa a tsakar gida,
wai wani ya ɓata mata bango da gawayi.
Na ɗauki fitila na leƙa.
Saniya ce, ƙafa biyar,
an ɗora mata tozo kamar tulu.