Alli a Cikin Ƙwaya

Ƙarfe shida na safe a Stuttgart ta Arkansas,
na ɗebi awo daga motar Wendell Pruitt,
na juye a bakin injin gwaji.
Ɓuntu ya tashi, dusa ta bi bayansa,
abin da ya rage ya zubo tafin hannuna.

Na ɗaga ƙwaya ɗaya gaban fitila.
Wadda ta ƙoshi, haske kan ratsa ta
kamar ruwan da ya kwana a randa.
Wannan kuwa cikinta fari fat,
alli ya zauna inda ya kamata a ce ƙarfi ne.
Na danna da farce, ta ce ƙas.

Wendell na tsaye, hula a hannu.
Ya ce, ruwa na ba ta, taki na ba ta,
me kuma take nema a wurina?

Ba kai take nema ba, dattijo.
Dare take nema.
Tsiro ma ɗan ƙwadago ne:
da rana ya tara, da dare ya ƙulle a ƙwaya.
Bana Agusta bai huce ba ko da tsakar dare,
gonar ta kwana tana haki,
ta cinye guzurinta kafin gari ya waye.
Zangarniya ta sunkuya kamar kullum,
ta ɓoye mana cewa da rami a ciki.

Na tankaɗe, na ware, na auna.
Lafiyayyu gefe guda, karyayyu gefe guda,
tudun karyayyun ya fi na bara.
Alƙalamina ya yi nauyi,
don kowace lamba da na rubuta
tana gutsurar kuɗin mutumin nan.

A Kura, gwaggona Barmani
ba ta raina karyayya:
ita ce tuwo, in ji ta, ba ta wahalar da muciya.
Na so in faɗa masa haka.
Na yi shiru. Banki ba ya cin tuwo.

Ya karɓi takarda, ya ninke ta sau huɗu,
ya tambaye ni ko can garinmu dare na sanyi.
Na ce da yana yi.

Mota ta gaba ta matso kan sikeli.
Tun rana ba ta ɗaga ba,
rigata ta manne a bayana.