Takwarori

A Garwa, bayan kasuwa, shagona ɗaki ɗaya ne:
fanka mai tari, kwamfuta biyu, buta a bakin ƙofa.
Malam Hamajoda ya taso tun daga Lagdo a kan babur,
hularsa tana ƙanshin hayaƙin banda.
Ya ce, "Yarinya, masunta na son fom,
kowa ya danna irin abin da komarsa ta kamo,
mu huta da littafin da ruwa ke cinyewa."

Na zana masa gurbi huɗu:
karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, ragon ruwa.
Don neman sauƙi na raɗa musu suna guda,
kowannensu sunansa kifi.
Ban yanka rago ba, ban raba goro ba.
Ashe suna, ko a fuskar na'ura, yana da hakki.

Na rubuta umarni: kira mini kifi, ki ƙirga.
Burauzar wayata, 'yar bana-bakwai,
ta jero su huɗu kamar sahun salla,
ta fara ƙirga daga sifiri, halinsu ne, na saba.
Na yi hamdala, na karɓi kuɗin cefane.

Kwana uku, sai ga waya daga bakin tafki.
Tsohuwar burauzar ofishin ƙungiya,
wadda ke buɗe ido da ƙyar kamar mai zazzaɓi,
an ce mata kifi,
ta miƙo na farko, ta kulle bakinta.
Bappa Sa'idu ya kamo giwan ruwa
da sai da ƙarti biyu suka ciccibo,
takarda ta fito ta ce karfasa.
An ce har rigarsa ya tuɓe.

Daren nan wuta ta ɗauke sau biyu.
Ina zaune, zufa na bin gadon bayana,
ina tambayar allo laifin wa.
Umarni ɗaya, kunnuwa biyu,
kowa da abin da ya ji.
Na gwada cire uku, na bar tarwaɗa ita kaɗai,
na ce a ƙirga.
Har 'yar zamanin ta juya mini baya:
wai ɗaya ba jeri ba ne, ba ta san tsawonsa ba.

Sai na tuna gidanmu na Marwa.
Yunusa uku muke da su, duk sunan kaka.
In Inna Dudu ta ce Yunusa daga madafa,
su uku ke rugowa, har da mai rarrafe.
In Kawu ya ce Yunusa daga zaure,
babban ne kawai ke tashi,
sauran su ci gaba da wasan ƙasa.
Babu wanda ya yi rashin kunya a cikinsu.
Shi ya sa aka ce wa wannan Dogo,
wancan Baffa, ƙaramin kuma Ɗanjuma,
sunan yanka na nan, laƙabi ke zuwa aike.

Kafin asalatu na bi su ɗai-ɗai.
Na bar musu sunan gidansu,
na ɗaura wa kowa lambarsa a wuya.
Na koya wa umarnina ladabin baƙo:
in ka yi sallama, fara tambaya,
ku nawa ne a ciki?
In ɗaya ne, shimfiɗa masa tabarmar mutum goma.
Tsohuwar ta yi nishi, ta amsa.
'Yar zamanin ma ta amsa.
Ban ce sun shirya ba, sun dai yi sallama.

Ranar Lahadi Malam Hamajoda ya dawo,
ƙunshin takardar siminti a bayan babur,
mai ya huda ta, kudaje na rakiya.
Ya ce tukwici ne daga Bappa Sa'idu.
Na ce, "Wane iri ne, Malam?"
Ya gyara hula, ya tayar da babur,
ya ce, "Kifi dai."