Wa Ya Auna, Da Wane Kwano?

Shago uku gare mu a Zariya.
Na Samaru yana lissafi a kwamfuta,
na Tudun Wada a wayar Iliya mai tsagaggen gilashi,
na Sabon Gari kuwa littafi ne mai baƙin bango
da Baba Tanimu ke ɗaurewa da robar taya.

Ranar da aka ce in haɗa su wuri guda
na ɗauka aikin yini ne.

Sai ga mutum ɗaya ya zama uku.
Samaru ta san shi da Ɗan'asabe Giwa,
wayar Iliya ta ce Mai Tumatir,
littafi ya ce "surukin Gambo", ya ja bakinsa.
Bashi ɗaya ake bin bawan Allah,
lissafi ya ɗora masa uku.

Can na ga "masara 40".
Arba'in ɗin me? Buhu ko tiya?
Da kaka aka saya tana zube a ƙasa,
ko da bazara da ta fi ƙarfin aljihu?
Lamba ba ta da baki.
Tana tsugune kamar baƙon da ya sauka a Kwangila da dare,
ba wasiƙa, ba sunan mai masauki.

A nan na tuna Inna Kande ta Ƙofar Doka
da ƙulle-ƙullen maganinta a ƙwarya.
Garin duk kala ɗaya ne a idona,
amma jan zare na shawara ne,
baƙi na ciwon ciki,
mai ƙulli biyu ba a ba wa goyo.
Ba ta taɓa kwance leda don ta san na ciki ba.

Sai na shiga ɗaura wa lambobi zare:
wa ya rubuta, a wane shago,
wace rana, da wane ma'auni,
an biya ko ana jiran Allah ya hore.
Ɗan'asabe na ba shi lamba guda,
na jera sunayensa uku a ƙarƙashi,
don ko wanne da bakin da ya raɗa shi.

Baba Tanimu ya ce, "Ni na san kwanona."
Na ce, "Ran da ka tafi Umara fa?"
Ya dubi titi, ya ɓare goro, bai ba ni ba.

Washegari ya zo da tiyar a hammata,
ya kife ta a kan teburina.
"Rubuta cewa ta Sabon Gari ta lotsa a gindi
tun shekarar da mota ta taka ta.
Tafi ɗaya take ci, ni nake cikawa da hannu."

Na buɗe wa lotsawar gurbi nata.

Saura shafi guda da ruwan Agusta ya jiƙa.
Bakwai ce kawai ta tsira a kai,
ba suna, ba rana.
Na rubuta mata "ba a sani ba",
na adana,
kafin su ɗauke wuta.