Kwatangwalon Zulfiye

A asibitin Rize, ruwa na zuba tun asuba,
likita Kamuran ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Kakata ta gyara kallabi, ta ce: wannan kwanon na waye?

Naki ne, in ji shi.
Ƙasusuwa uku a kowane gefe,
da ƙuruciya kowanne da iyakarsa,
sai da kika zama budurwa
suka haɗe, ba ɗinki, ba tabo.
Ga mai fiffike, inda kike dafa hannu in kina faɗa,
ga wanda kike zama a kansa,
ga na gaba, mai gadin mara.
Ta baya ƙashin baya ya sauko
ya cusa kansa tsakani, ya zauna daram.

Inda ukun suka gamu akwai ƙoƙo,
cikin ƙoƙon, kan ƙashin cinya,
dunƙule kamar ƙwan agwagwa.
A da guringuntsi ya lulluɓe shi sumul,
da ɗan ruwa mai yauƙi, ko ƙara ba ya yi.
Yanzu ƙashi ke gugar ƙashi.

Shi yana bayani, ni tudu nake gani.
Shekara hamsin da buhun ganyen shayi a gadon baya,
hawa da gangara a ƙasa mai santsi,
teku can ƙasa, baƙi ƙirin,
duk nauyin nan ta wannan 'yar wuyar ƙashi yake bi
kafin ya isa diddige.
Ta wannan ƙofar ta tsakiya mutum bakwai suka shigo duniya.
Uwata ce ta huɗu.
Biyu ba su ga kaka ba.

Ya buɗe aljihun tebur,
ya ɗora mata ƙwallon ƙarfe a tafin hannu.
Ta jinjina shi, kamar mai zargin sikeli.
Da sanyi, ta ce.
A wannan gari namu da ba ya bushewa,
ba zai yi tsatsa ba?
Ba zai yi ba.
Zai hau tudu?
Sannu a hankali.
Ni ma ai haka nake hawa.

Ta ƙi ranar da ya ba ta, sai an gama tsinkar ganye ta biyu.
A bakin ƙofa ta tsaya, ta jingina da sanda:
Wanda za ku yanke fa?
Ku naɗe min abina a ƙyalle.
Akwai wuri kusa da Dursun, a saman gona.
Ya fi ni gajiya, bari ya riga ni kwanciya.